Wace sifika ce za ta dace da tsohuwar amfilifayata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ina da tsohuwar amfilifaya Pioneer, takardarta ta ce wat 40 take bayarwa a kowane ɓangare a kan om 8. Sifikokinta na asali sun lalace, ina neman ƙanana irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta ko tebur, kuma kuɗina ba su da yawa. Falon mita 4 ne a kan mita 5, ƙasa tayil. A kasuwa an nuna mini wata da aka rubuta wa 1000W, mai shagon ya ce amfilifayata ba za ta iya jan ta ba. Wata kuma 60W, ya ce za ta ƙone. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka maganganun biyu da mai shagon ya faɗa maka ba haka suke ba, kuma tushensu ɗaya ne: an ɗauka wat ɗin da ke rubuce a jikin sifika abu ne da take nema daga amfilifaya. Wannan lambar iyakar abin da za ta iya jurewa ce kafin ta lalace. Kamar jarka ce mai lita 25, ba ta tilasta wa famfo ya ba ta lita 25, ko kofi ɗaya ka zuba mata za ta karɓa. Saboda haka sifika mai wat 100 ba ta fi mai wat 60 wahalar ja ba, kuma ba lallai ta fi ta ƙara ba. Ita kuwa 1000W a jikin ƙaramin akwati, duba da kyau, galibi za ka ga haruffan PMPO a gefenta, lissafin talla ne da babu wata ƙa'ida da ke ɗaure shi. Lambar da ake ɗan dogara da ita ita ce wadda aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da sifika ke jurewa a kai a kai, kuma ga amfilifaya mai wat 40, duk sifikar da RMS ɗinta ya kama daga 40 zuwa 100 ta yi. Ka cire maganar wat daga ranka daga nan. Lambobi biyu ne za su yanke hukunci, om (ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta, alamarsa Ω) da dB (ma'aunin ƙarfin sauti).

Kafin ka fita kasuwa, juya amfilifayar ka karanta bayanta. Kusa da inda ake ɗaura wayoyin sifika akwai ɗan rubutu, wani lokaci 4-16 Ω, wani lokaci 6-16 Ω ko 8-16 Ω. Lambar farko ita ce mafi ƙarancin om da aka gina injin ya ɗauka. Kada ka rikita da wat ɗin da aka rubuta kusa da wayar wuta, misali 150W ko 180W, wannan abin da take sha ne daga soket, ba abin da take ba sifika ba. A wurin kuma za ka ga ko 220 zuwa 240 bolt take ci. Idan kayan Amurka ce mai 120, ko ta Japan mai 100, dole sai da taransifoma mai rage wuta, amma tunda kana amfani da ita tuntuni na ɗauka an wuce nan.

Dalilin da om ya zama abu na farko shi ne zafi. Domin ta fitar da wat 40 a kan om 8, amfilifayarka tana tura kusan bolt 18, wutar da ke bi ta cikin waya kuma kusan amfiya 2.2 ce. Ka sa mata sifika mai om 4, a wannan bolt ɗin dai, wutar da za a ja ta ninka, ta kai kusan amfiya 4.5. Wannan ƙarin yana bi ta cikin taransistocin fitar da sauti ne, su kuma su mayar da wani kaso nasa zafi. Injin da aka ƙera domin ɗaki mai sanyi a Turai, ka kawo shi Sakkwato a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe ramukan shan iska, to ɗan rarar da yake da ita ta riga ta ƙare. Mai sa'a, amfilifayarsa za ta riƙa yankewa, ka ji ƙas, sauti ya ɗauke, bayan mintuna ya dawo. Marar sa'a sai wurin mai gyara, kuma taransistocin asali na waɗannan tsofaffin injuna suna wuyar samu.

To ga yadda za ka yi. Idan bayanta ya ce 8-16, nemi sifika mai om 8. Mai om 6 ma za ta yi aiki muddin ba ka ƙure murya ba kuma injin yana shan iska, da yawa daga ƙananan sifikokin yanzu ma om 6 ne. Mai om 4 kuwa ka bar ta, sai in bayan injin ya rubuta 4 ƙarara. Ka kuma sani cewa om ɗin da aka rubuta matsakaici ne kawai, yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa. KEF LS50, alal misali, an rubuta mata om 8, amma kamfanin da kansa ya ce tana sauka har 3.2. Sifika ce mai kyau ƙwarai, amma ba abokiyar tsohuwar amfilifaya mai wat 40 ba ce, ko da kyauta aka ba ka. Idan takardar sifika ta faɗi mafi ƙarancin om ɗinta, ka fi son 4 ko sama.

Akwai tarko biyu a nan da ke kashe amfilifayoyi da yawa a gidajenmu. Na farko, maɓallin A da B. Mutum ya samu sifikoki huɗu sai ya ce bari ya jona duka, biyu a falo biyu a tsakar gida. A yawancin injuna, idan ka danna A da B tare, sifikoki biyu masu om 8 sun zama om 4 a wurin amfilifaya, masu om 6 sun zama 3. Shi ya sa za ka ga an rubuta wani sharaɗi daban na A+B a bayanta. Na biyu, sifikokin da aka ciro daga saitin sinimar gida mai DVD, irin sirara dogayen nan. Suna da araha a wurin 'yan gwanjo, suna da kyan gani, amma da yawansu om 3 ne, an yi su ne domin injinsu kaɗai. Haka kuma sifikar da ke da wayar wuta da maɓallin murya a jikinta, irin Edifier R1280T, tana da tata amfilifayar a ciki, ba a jona ta a bakin sifika na wata amfilifaya.

Lamba ta biyu ita ce wadda kusan babu mai shagon da zai ambata maka, alhali ita ce ke faɗin ƙarar da za ka samu. A takardar sifika ko a bayanta za ka ga wani abu kamar 87 dB. Ma'anarsa, idan aka ba ta wat 1, aka tsaya mita 1 a gabanta, ƙarfin sautin da za a ji ke nan. Ƙa'idar da za ka riƙe: duk ƙarin dB 3 daidai yake da ninka wat sau biyu. Wato sifika mai 88 a kan amfilifayarka mai wat 40 za ta yi ƙarar da sifika mai 85 ba za ta yi ba sai da wat 80. Ka ga ashe zaɓen sifika mai 88 maimakon 85 tamkar an ninka maka amfilifaya ne ba tare da ka biya ko kwabo ba.

Mu gwada da falonka. Ɗauki sifika mai 87, kana zaune mita 3 daga gare ta. Nisa zai ci kusan dB 9 zuwa 10, amma sifikoki biyu ne, kuma bango yana dawo da wani sautin, don haka a wat 1 kana jin wajen 82 ko 83. Wannan ya riga ya fi ƙarfin a yi hira a ɗakin cikin natsuwa. Sauraro na yau da kullum, karatun Alƙur'ani, tafsiri, labaran rediyo, kiɗa a hankali, bai cika kai wat ɗaya ba. Sauran wat 39 ɗin ajiya ce domin bugun ganga da sauran wuraren da sauti ke tashi farat ɗaya. A cikakken wat 40 kana dab da dB 99, ƙarar da maƙwabta za su san kana gida. Saboda haka amfilifayarka ta ishi wannan falon har da rara, in dai sifikar ta kai 86 zuwa 89. Ƙasa da 85 ka yi hattara. Idan ka ga ƙaramin akwati an rubuta masa 92 ko 93, ka rage 'yan lambobi a ranka, kamfanoni kan yi wa wannan lambar ƙari. Wata dabarar kuma, ana yawan aunawa da bolt 2.83, wanda a om 8 wat 1 ne daidai, amma a om 4 wat 2 ne, sai lambar ta fito da ƙarin dB 3 da ba na gaskiya ba.

Sai maganar ƙonewa. Abin da ya fi kashe tuwita, ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti, shi ne ƙure amfilifaya, ba girmanta ba. Idan aka murɗa murya har injin ya kai iyakar bolt ɗinsa, sai ya fara yanke kan sautin, ka ji muryar ta yi kaushi tana tsaga kunne. A lokacin nan tuwita tana karɓar wutar da ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, wayar naɗinta kuma siririya ce kamar gashi, cikin ɗan lokaci ta ƙone. Maɓallin bes, wato sautin ƙasa mai kauri, yana gaggauta wannan. Idan ka murɗa shi ƙarshe, a yawancin injuna ƙarin dB 10 ne, wato kana neman wat ninki goma a wannan sashen sautin. Ka ƙara da danna maɓallin ƙarin kauri da aka yi domin sauraro a hankali cikin dare, sannan ka ɗaga murya, ka gama da ajiyar nan ta wat 39 tun maɓallin murya bai kai rabi ba. Ga kuma abin da ya shafe mu a nan: yawancin waɗannan injuna ƙarfinsu yana bin wutar da ke shigo musu, idan wutar gari ta yi ƙasa ko kana kan ƙaramin janareta, injin zai fara yanke sauti da wuri fiye da yadda ka saba. Da zarar ka ji kaushi, rage murya nan take.

Girman sifika kuwa, ga falo mai mita 4 a kan 5, nemi mai wufa, wato babbar sifikar ƙasa mai fitar da kaurin sauti, inci 6.5 in ka samu, ko inci 5 zuwa 5.25 in kuɗi ko wuri bai ba da dama ba. Mai inci 4 ta tebur ce da ɗakin kwana. Kada ka sa ran ɗayansu za ta girgiza ƙofa, ƙananan sifikoki bes ɗinsu yana ƙarewa ne wajen 50 zuwa 60 Hz, ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Amma kalangu, kotso, gurmi da muryar mutum duk suna sama da nan, kuma a wurinsu ne ƙaramar sifika mai kyau take kunyata katon akwati marar inganci.

Ka duba inda ramin iska yake a jikin akwatin sifikar. Idan a baya yake, sifikar tana son tazarar santimita 20 zuwa 30 daga bango, in ba haka ba bes zai kumbura ya rufe murya. Tunda ka ce kan kanta za ka ɗora, mai rami a gaba ko rufaffiya marar rami ta fi maka sauƙi. Daga cikin sababbi masu rangwame, Polk T15 om 8 ce, dB 89, wufa inci 5.25, rami a gaba, a takarda ita ce mafi sauƙin ja. ELAC Debut B6.2 om 6 ce, dB 87, inci 6.5, ita ma rami a gaba, ta fi cika ɗaki kuma ta fi tsada. Q Acoustics 3020i om 6 ce, dB 88, amma raminta a baya yake kuma akwatin yana da zurfi, ka auna kantarka kafin ka yi sha'awarta. Irin waɗannan sai dai a yi odarsu daga Legas ko Abuja, farashinsu kuma yana bin dala. Shi ya sa ga mai ƙaramin kuɗi ni na fi karkata ga 'yar Beljiyam mai lafiya daga gidajen da aka sani, irin Wharfedale, Mission, Tannoy, JBL, Yamaha ko Technics. Tsohuwar sifika mai kyau ta fi sabuwar da ba a san mai ita ba, amma da sharaɗin ka gwada ta da hannunka, ko a Babbar Kasuwa ka same ta ko wani ne zai turo maka daga Alaba. In turowa za a yi, a nuna maka gwajin nan a bidiyo kafin ka tura kuɗi.

Tafi da mitar gwajin wuta, da batirin rimot mai bolt 1.5, da guntun waya. Sa mitar a kan om ka taɓa bakin sifikar biyu. Mai om 8 za ta nuna wajen 5.5 zuwa 7, mai om 6 wajen 4 zuwa 5, mai om 4 wajen 3 zuwa 3.5, kullum ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne biyun su zo kusan ɗaya. Idan ɗaya ta nuna 6.2 ɗaya 4.1, an taɓa yi wa ɗaya naɗi ko an canja mata wufa, kuma ba za su taɓa yin sauti iri ɗaya ba. Sannan taɓa batirin a bakin na ɗan lokaci, kan batirin a jan baki, za ka ji ɗan tuf, takardar wufa ta turo waje. Dukansu biyu su turo waje. Cire ragar gaba, buɗe yatsunka a kewayen tsakiyar wufar, ka danna a hankali daidai wa daida. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji karce-karce, naɗin ya taɓa zafi ya kumbura, bar ta.

Dubi zoben da ya kewaye takardar. Na roba yana daɗewa. Na soso kuwa, wanda aka yi amfani da shi sosai a shekarun 1980 da 1990, yana ruɓewa da tsufa, zafinmu kuma ba ya raga masa. Taɓa shi da ɗan yatsa, in ya yi danƙo ko ya marmashe, ya gama aiki. Ana iya canja shi, amma sai gwani, kuma kuɗin gyaran ya fita daga farashin. Kai kunnenka dab da kowace tuwita yayin da ake kiɗa a hankali, ka tabbata tana fitar da siririn sauti, kuma ƙarfinsa ɗaya ne a duka biyun. Tuwita matacciya cuta ce da ake yawan samu a kayan gwanjo, a hayaniyar kasuwa kuma ba a lura da ita. Ƙwanƙwasa gefen akwatin, ka ji ya yi tauri, ba ya amsawa kamar fanko. Ɗaga shi ka ji nauyi. Jabu ana gane shi da rashin nauyi, da tambarin da aka liƙa da gam, wani lokaci har da tuwitar ado da babu ko waya a bayanta. Dubi kusoshin da ke riƙe da wufa, idan kansu ya cinye, an sha buɗe ta.

In da hali, ɗauki amfilifayarka ka je da ita, ko ka yi sharaɗin gwaji a gida kwana ɗaya. Masu shago suna gwada kaya da babban inji da bes a ƙure, komai zai yi daɗi. Kai ka mayar da bes da tirebul tsakiya, ka sa muryar mai karatu ko mai wa'azin da kunnenka ya saba da ita. Idan muryar ta fito kamar mutumin yana ɗakin, ba ta hanci ba, ba ta cikin tulu ba, harafin sin kuma bai soke kunne ba, sifikar ta ci rabin jarrabawa. Sannan ka sa kiɗa mai ganga ka ɗaga kaɗan ka saurari ko wani abu yana kaɗawa a cikin akwatin.

Wani abu da bai kamata ka tsallake ba: ka ce sifikokinka na farko sun lalace, amma ba ka faɗi yadda suka lalace ba. Idan zobensu ne ya ruɓe, tsufa ne. Idan kuwa wufa ce ta ƙone har da wari, musamman a ɓangare ɗaya, mai yiwuwa amfilifayar ce ke zubo wuta tsayayya a bakin sifika, kuma haka za ta yi wa sababbin. Gwajin minti biyar ne. Cire sifikoki, rage murya ƙasa, kunna injin ya ɗan yi ɗumi, sa mita a kan DC a ma'aunin milibolt, ka taɓa ja da baƙi na kowane ɓangare. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. Sama da 100, a kai wa mai gyara ya duba. Idan ta kai bolt guda ko fiye, kada ka jona mata komai. In an je wurin mai gyaran, ya hure ƙurar ciki gaba ɗaya.

Waya kada ta ci maka kuɗi. Wayar wuta mai laushi mai igiya biyu, kauri 1.5 mm², ta isa har nisan mita 5 ko 6, in ya fi haka ɗauki 2.5. Abin lura kawai ta zama jan ƙarfe zalla. Kankare silin da wuƙa, in ciki ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a duka ɓangarorin. In ka juya ɗaya, bes zai ɓace, muryar kuma ta rasa tsakiya. Murɗe silin da kyau kada ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗayan bakin, sili ɗaya ya isa ya kashe ɓangare guda, kuma kada ka taɓa wayoyin injin yana kunne. Ragowar kuɗin da ka tsira da su a kan waya ka sa su a sitabilaiza, mai 1000VA ta ishi wannan injin. Idan an ɗauke wuta ka kashe amfilifayar, kada dawowar wutar ta same ta a kunne.

Falo mai tayil da bangon siminti yana mayar da sauti da yawa, sifika mai haske sosai a sama za ta gajiyar da kunne a irinsa. Shimfiɗa kafet ko babbar darduma tsakaninka da sifikokin, ka sa labule mai kauri a taga, za ka ji bambancin da ya fi na canja sifika zuwa mai tsada. Raba su da kusan mita 2, ka ɗan karkato su zuwa inda kake zama, kada ka cusa su a kusurwa ko cikin shogilas mai gilashi. Tuwita ta zo daidai kunnenka: kusan santimita 90 zuwa mita 1 daga ƙasa in a kujera kake zama, wajen santimita 60 zuwa 70 in a kan kafet ake zama kamar yadda aka saba a gidaje da yawa. In kan kanta za su zauna, jawo su har bakin katakon, ka sa ɗan soso ko roba a ƙarƙashinsu don kada kantar ta riƙa amsawa. In dole ta sa ka sayi mai rami a baya kuma babu tazara, cusa soso ko safa a ramin, bes zai ragu kaɗan amma zai tsabtata. Amfilifayar kuma ka bar mata aƙalla santimita 10 a sama ba tare da an ɗora mata dikoda ba, in ba ta aiki a lokacin hunturu ka rufe ta da ƙyalle, ka cire shi kafin ka kunna.